Dabarun Tuƙin Jirgin Roba a Ruwan Gangare

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana dabarun farko da akan koya wa wanda zai shiga jirgin roba ya bi kogi ta wuraren da ruwa yake gudu da ƙarfi a tsakanin duwatsu. Wasa ne da ya fara ƙarfi a Amurka, ya bazu zuwa Turai da sauran ƙasashe, daga baya ya iso wasu kogunan Afirka, musamman Zambezi da Nilu.

Kafin mu shiga cikin zancen, ya kamata mu daidaita kan kalmomin da za mu yi aiki da su. Turawa suna kiran irin wannan ruwa da sunan da in an fassara shi kai tsaye zai ba da "farin ruwa", saboda farin kumfa da yake yi. Ba za mu bi wannan fassara ba, domin in aka ce wa Bahaushe farin ruwa, abin da zai zo masa a rai shi ne ruwan sha wanda ba a dama kome a cikinsa ba. A nan za mu ce "gangare", watau wurin da gindin kogi ya sunkuya, ruwa ya ƙara gudu, ya ci karo da duwatsu har ya yi kumfa. Matsirga dabam take, ita ce inda ruwa yake faɗowa tsaye daga bisa dutse, kuma ba ta cikin darasinmu. Haka nan za mu bar kalmar "igiyar ruwa", ko da yake ita ce aka fi sabawa da ita, saboda akwai igiya ta ainihi a cikin kayan aikin, kada a rikita su. Za mu riƙa cewa "gudun ruwa". In mun ce "sama" muna nufin wajen da ruwa ya fito, in mun ce "ƙasa" muna nufin wajen da ya dosa.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, yawancin dabarun nan sun saɓa wa abin da jiki yake so ya yi. Mutum a tudu ya tashi, hankalin tudu ne da shi: in ya faɗi ya yi wuf ya miƙe tsaye, in ya ga dutse ya kauce masa, in ya tsorata ya ƙame wuri ɗaya. Waɗannan halaye da suke fid da shi a tudu, su ne suka fi jawo masa halaka a gangare. Koyon wannan tuƙi, galibinsa, horar da jiki ne ya bar abin da ya saba.

Kada kuma a ɗauka irin wannan ruwa baƙo ne gare mu. A Kogin Kwara, ƙasa da Yawuri, akwai gangaren Busa, inda a shekarar 1806 jirgin Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya maƙale a kan dutse. Kamar yadda labarin ya zo, an far musu daga gaɓa, shi da sauran mutanensa suka faɗa ruwa, ruwa ya ci su. Yau wannan gangare yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka gama madatsar ruwan a 1968.

Yadda aka faro

A ran 24 ga watan Mayu, 1869, wani tsohon hafsan soja mai suna John Wesley Powell, wanda ya rasa hannunsa na dama a yaƙin basasar Amurka, ya tashi da mutum tara cikin jirage huɗu na katako. Suka bi Kogin Green, suka faɗa Kogin Kolorado, suka ratsa babban kwazazzabon nan da ake kira Grand Canyon. Tun da wuri jirgi ɗaya ya farfashe a kan duwatsu da abinci mai yawa a cikinsa. A ƙarshen watan Agusta mutum shida ne suka fito ta ɗaya bakin kwazazzabon. Ɗaya ya janye tun farko, uku kuwa sun bar jirgi ana saura kwana biyu a gama, suka hau tudu, ba a ƙara ganinsu ba.

Abin lura a gare mu shi ne yadda suke tuƙi. Irin tuƙin tafki da teku suke yi, watau mutum ya zauna ya ba inda za shi baya, ya ja dogayen filafilai biyu da aka ɗora a gefen jirgi. Ke nan a cikin gangare suna ƙara wa jirgi gudu a kan gudun da ruwa ya riga ya ba shi, alhali matuƙan ba su ganin dutsen da suka dosa. Sai a cikin shekarun 1890 wani maharbi mai ɗana tarko a jihar Utah, Nathaniel Galloway, ya juya abin. Ya yi jirgi marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen gindi, ya zauna yana fuskantar ƙasa, yana tuƙi yana ja da baya, watau yana rage wa jirgi gudu. Da haka ya sami abu biyu da mutanen Powell suka rasa: yana ganin abin da ke gabansa, kuma yana da lokacin da zai kauce. Har yau matuƙan da ke aiki da dogayen filafilai a kan wannan hanya suke.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi gwanjon jiragen roba na soja, irin waɗanda ake hura wa iska, suka yi arha a Amurka. Nan aka gane fifikonsu a kan katako, domin roba in ta bugi dutse lanƙwasawa take yi ta dawo. A shekarun 1950 wata mata, Georgie White, ta riƙa ɗaure irin jiragen nan uku gefe da gefe tana kai 'yan yawon buɗe ido cikin Grand Canyon. A Afirka, a 1981 ne aka fara bin Zambezi da jirgin roba daga gindin matsirgar Victoria, a kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, cikin kwazazzabon Batoka. A 1996 aka fara a Nilu kusa da garin Jinja na Yuganda, sai dai madatsar Bujagali da aka gama a 2012 da ta Isimba ta 2019 sun nutsar da wasu daga cikin wuraren da aka fi sani a can, kamar dai yadda Kainji ta yi wa Busa.

Masu wannan wasa sun kasa gangare mataki shida. Na ɗaya ruwa ne mai gudu da 'yan ƙananan raƙuma. Na biyu da na uku su ne na mai koyo: hanya a fili take ko kuwa ba ta da wuyar ganewa, amma sai an yi tuƙi na sosai. Na huɗu da na biyar na gwanaye ne, domin kuskure ɗaya yana iya kifar da jirgi a inda ceto ke da wuya. Na shida kuwa shi ne wanda kusan ba a shigarsa. Amma wannan lissafi ba a kan dutse aka rubuta shi ba. Gangaren da yake mataki na uku da rani yana iya zama na biyar da damina, wani kuma cikar kogi ce take binne duwatsunsa ya yi laushi.

Jirgi da kayan aiki

Jirgin da aka fi amfani da shi tsawonsa mita huɗu ne zuwa biyar, yana ɗaukar 'yan tuƙi shida zuwa takwas da jagora guda a wutsiya. Babban bututu ne na roba mai kauri ya kewaye shi, an raba cikin bututun ɗaki ɗaki, don in ɗaya ya huje sauran su riƙe jirgin. Akwai ƙananan bututu a gicciye da suke hana shi naɗewa, akwai kuma igiya da ta zagaye shi ta waje. Tun daga shekarun 1980 aka shiga yin jirage masu daɓen da shi ma ake hura masa iska, da huda a gefe gefe, ruwan da ya shiga ya fita da kansa. Kafin wannan, sai dai a yi ta kwarfa da bokiti.

Kowane mutum yana da abu uku: filafili, hular kwano, da rigar hana nutsewa. Rigar sai an ɗaure ta tamau, har in aka kama kafaɗunta aka ɗaga sama ba za ta haura kunne ba. In ta yi sako sako, a ruwa za ta taso ta rufe fuska. Wanda ya iya iyo ma bai wuce sa ta ba, dalili kuwa shi ne ruwa mai kumfa gauraye yake da iska, ba ya ɗaukar jiki kamar ruwan tafki. Filafili yana da mariƙi a gicciye a samansa. Hannu ɗaya yana rufe wannan mariƙi koyaushe, ko ana tuƙi ko ana hutawa, domin in aka sake shi jirgi ya yi tsalle, haƙorin maƙwabci ne zai biya. Jagora kuma yana da usur, da wuƙa, da jakar igiya ta jifa.

Wurin zama shi ne kan babban bututun gefe, ba tsakar jirgi ba. Nan ma mai koyo yakan yi gardama a ransa, yana ganin gefe ya fi kusa da faɗawa. Amma daga gefe ne filafili yake isa ruwa sosai, kuma ƙafafu da aka cusa ƙarƙashin bututun gicciye su ne suke riƙe mutum.

Karatun ruwa

Ruwan da ya cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan guda ne. Sa'an nan in gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin turinsa sau huɗu yake ninkawa. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu ya san ba a kokawa da gangare da ƙarfin damtse. Abin da ya sa ake iya binsa shi ne, duk haukan da yake yi a ido, yana da tsari. Duwatsun da ke ƙarƙashi ba su motsi, saboda haka siffar da ruwa yake yi a kansu tana nan wuri ɗaya muddin yawan ruwan bai canza ba. Raƙumin teku tafiya yake yi ya bar ruwa a wurinsa. Raƙumin gangare kuwa tsaye yake, ruwa ne yake wucewa ta cikinsa. Wannan ne ya sa ake cewa ana "karanta" kogi.

Abu na farko da ido zai nema shi ne "harshe". In ruwa ya bi ta tsakanin duwatsu biyu, yakan yi wani santsi mai duhu, faffaɗa daga sama, mai tsini daga ƙasa, kamar harshen da aka zaro. Nan ne ruwa ya fi zurfi, nan ce ƙofa. In kuwa tsinin yana kallon sama ne, to, dutse ne yake tsaga ruwa a daidai tsinin, ko da ba a ganinsa. Siffa ɗaya ce, juyinta kawai ya bambanta, amma ɗaya hanya ce, ɗaya tarko. A ƙarshen harshe sau da yawa akan tarar da jerin raƙuma, babba a gaba, ƙanana na biye. Ba su da illa in an fuskance su da goshin jirgi. In an ba su gefe ne suke kifarwa.

Na biyu shi ne "makwanci". A bayan duk dutsen da ya fito saman ruwa, da kuma bayan duk inda gaɓa ta kutso cikin kogi, akwai wurin da ruwa yake lafawa, har ma ya riƙa komawa sama a hankali don ya cike gurbin da dutsen ya bari. Makwanci shi ne zangon matuƙi: nan yake tsayawa ya huta, ya duba gaba, ya jira jirgin baya, ya tsamo wanda ya faɗa. Gwani ba ya bin dogon gangare da zama ɗaya, daga makwanci zuwa makwanci yake tafiya. A tsakanin makwanci da gudun ruwa akwai iyaka inda ruwa biyu masu saɓanin hanya suke gogayya, kuma a manyan koguna irin Zambezi wannan iyaka tana murɗawa har ta ja gefen jirgi ƙasa. Ana ƙetare ta da gudu, a karkace, ba a tsayawa a kanta.

Na uku, wanda ya fi cancantar a daɗe a kansa, shi ne "rami". In ruwa ya haura kan dutsen da ya nutse ya zubo ta bayansa, yakan bar gurbi, sai ruwan sama na ƙasa da wurin ya juyo baya ya faɗa cikin gurbin. Ke nan a saman ruwa akwai wani tudun kumfa da ke komawa sama, a ƙarƙashi kuma ruwa yana wucewa ƙasa. Duk abin da ke yawo a saman ruwa, ko gungume ne, ko jirgi, ko mutum, ramin yana iya riƙe shi ya yi ta juya shi. Ramin da bakunansa biyu suka lanƙwasa suka nufi ƙasa yakan tofar da abin da ya kama ta gefe. Wanda bakunansa suka lanƙwaso sama kuwa mayar da abu yake yi tsakiya. Mafi sharri duka shi ne wanda ɗan Adam ya gina, watau gindin ƙaramar madatsa ta siminti, irin wadda akan yi a kan rafi don noman rani. Miƙaƙƙe ne daga gaɓa zuwa gaɓa, ba shi da baki ko ɗaya da zai saki mutum, ga shi kuma a ido kamar ba kome, domin faɗowar ruwan wani lokaci ba ta kai tsayin mutum ba. Ko wanda ba zai taɓa shiga jirgin roba ba, ya kamata ya san wannan saboda yaran da ke wanka a irin wuraren nan da damina.

Akwai kuma "rariya", watau itacen da ya faɗi cikin kogi da rassansa, ko tarin duwatsu masu ƙananan ƙofofi: ruwa ya wuce, mutum ya tsaya. An fi samunta a bayan kwana, domin can ruwa ya fi gudu da zurfi, can yake cin gaɓa yana kayar da itatuwa. Dutse ma ana karanta shi. In ruwa ya taru a gabansa ya yi tudu kamar matashin kai, dutsen cikakke ne, tudun ma zai taimaka ya ture jirgi. In babban dutse ne ruwa yana dukansa amma babu wannan tudu, to, kogo ne a ƙarƙashinsa, ruwa ciki yake shiga, sai a yi nesa da shi. A ƙarshe, in aka hango kogi ya yanke kamar an ja layi, ba a ganin abin da ke bayan layin sai hazo da ƙugi, babban faɗi ne a wurin. Ba a matsawa a gani daga cikin jirgi.

Tuƙi da umurni

Tuƙin kansa ba shi da yawa. A tuƙin gaba, mutum yana sunkuyawa ya miƙa filafili gaba, ya nutsar da faffaɗan bakinsa duka, ya ja da bayansa da cikinsa, ya fid da shi daidai ƙugu. Wanda yake ja da damtse kaɗai ba zai yi awa guda ba ya gaji. Tuƙin baya kishiyar wannan ne. Mutum biyu na goshi su ne ma'auni, suna duban juna, na bayansu suna bin su. Mutum shida raunana masu tuƙi tare sun fi ƙarti shida da kowa ke nasa.

Murya ɗaya ce a jirgi, ta jagora. In ya ce "Gaba!" kowa ya tuƙa gaba, "Baya!" kowa ya ja baya, "Tsaya!" a ɗaga filafili. In ya ce "Hagu baya!" na hagu su ja baya, na dama su ci gaba da tuƙin gaba, jirgi ya juya hagu. In ya ce "A durƙusa!" kowa ya zame cikin jirgi ya kama igiyar gefe, filafili yana waje. Da yake ƙugin ruwa yana cinye murya, akwai ishara tsakanin jirgi da jirgi: busa usur sau ɗaya, a saurara, sau uku, akwai hatsari, ɗora hannu a ka, lafiya nake. Wata ƙa'ida mai kyau ita ce, ba a nuna hatsari da hannu, hanyar tsira ake nunawa, domin wanda yake cikin ruɗu inda aka nuna masa can zai nufa. Hagu da dama na kogi kuma kullum na wanda ya fuskanci ƙasa ne.

Jirgin da yake tafiya daidai da gudun ruwa ba shi da linzami, gungume ne. Sai ya fi ruwa gudu ko ya gaza shi sa'an nan yake jin tuƙi. Saboda haka a bakin rami, inda tsoro yake sa mai koyo ya ɗaga filafili ya runtse ido, nan ne ake bukatar tuƙi mafi ƙarfi, a miƙe goshi, a huda tudun kumfa, a kai filafili can gaba inda ruwa ke tafiya ƙasa. Bugu da ƙari, filafilin da ke cikin ruwa ƙafa ce ta uku; wanda yake tuƙi ya fi wanda ya ƙame zama daram.

Dabarar ƙetare kogi kuwa ba sai Bature ya koya wa 'yan fito na Kwara da Binuwai ba. Ba a dosar mashigin da ake so kai tsaye. Ana karkata goshin jirgi wajen sama, kimanin rabin kusurwa, a yi ta tuƙi, ruwa ya bugi gefen jirgi ya tura shi ƙetare. In ruwa ya yi ƙarfi a rage karkatar, in ya yi laushi a ƙara ta. Da wannan fito ne ake kauce wa dutse tun daga nesa, da shi ake shiga makwanci. Inda aka rabu da 'yan fito shi ne gora: a gangare ba a dogara ta, domin tana iya maƙalewa a tsakanin duwatsu ta fizge mai ita.

To, in duk da haka jirgi ya bugi dutse da gefensa fa? Jiki zai ce a guje wa dutsen, a koma ɗaya gefen. Wannan shi ne kuskuren da ke naɗe jirgi. Gefen da ke jikin dutse hawa yake yi, gefen sama kuwa ruwa yana danna shi ƙasa. In mutane suka koma can suka ƙara masa nauyi, sai ya nutse, ruwa ya cika jirgi ya manna shi a jikin dutse da nauyin tan da yawa, wanda wani lokaci sai an haɗa igiyoyi da ƙananan gargare daga gaɓa kafin a ɓamɓare shi. Abin yi shi ne kowa ya yi tsalle ya faɗa gefen dutsen, tun jagora bai rufe baki ba, don gefen sama ya yi sauƙi ruwa ya wuce ta ƙarƙashinsa.

In an faɗa ruwa

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma haka ake koyarwa: wanda ya faɗa shi ne mai ceton kansa na farko. In yana kusa ya kama igiyar gefe, amma kada ya yarda ya kasance tsakanin jirgi da dutse. In ya ɓullo ya ji jirgi a bisa kansa, ya tura da tafin hannu ya bi fuska ɗaya har ya fita, kada ya yi ta sake shawara. In ruwa ya raba shi da jirgi, ya kwanta rigingine, ƙafafu suna ƙasa, 'yan yatsun ƙafa suna leƙowa saman ruwa, gwiwa a ɗan lanƙwashe don ture duwatsu. Numfashi a kwarin raƙumi ake shaƙarsa, a riƙe shi in an zo ƙololuwa. Da ya hangi makwanci ko jirgi kusa, sai ya juya rub da ciki ya yi iyo da iyakar ƙarfinsa.

Babbar doka ita ce kada ya miƙe tsaye. Ruwan yana iya zama iyakar cinya, ƙafa tana taɓa ƙasa, zuciya tana cewa ai ga tudu. Amma in ƙafa ta shiga tsakanin duwatsu biyu ta maƙale, ruwa zai tura jiki gaba ya kifar da shi, ya danne fuska a ƙarƙashi, kuma ba ƙaton da zai iya ɗagowa, rigar ma ba ta isa ba. Mutum sai ya halaka a ruwan da bai kai masa ƙugu ba. Ba a tsayawa sai an shiga makwanci, ko ruwa ya koma ƙasa da gwiwa.

Wuri ɗaya ne ake karya dokar ƙafa a gaba, shi ne rariya. In ta zama ba makawa, mutum ya juya ya dosa ta da ka, ya yi iyo ya fi ruwa gudu, ya ɗare kan gungumen da ƙirji kamar mai haura katanga, domin in ƙafafu suka riga isa ƙarƙashi za su shige. A rami kuma, in ya riƙe mutum, sai ya dunƙule jiki ya bari ruwa mai zubowa ya kai shi ƙasa inda hanyar fita take, ko ya yi ta matsawa wajen baki. Neman sama a wurin nan mayar da shi baya yake yi.

Jakar jifa tana ɗauke da igiya mai yawo a saman ruwa, tsawon mita 15 zuwa 25. Mai jifa yana riƙe bakin igiyar, ya kira wanda ke ruwa har su haɗa ido, ya jefa jakar ta haye shi, sa'an nan ya zauna ya kafa ƙafa, ruwa da kansa zai karkato da mutumin gaɓa. An ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, saboda haka tun a tudu ake gaya masa yadda zai kama. Igiya zai kama, ba jaka ba, in ba haka ba sauran igiyar za ta yi ta warwarewa. Ya kwanta rigingine ya ɗora ta a kafaɗa. Kada ya naɗa ta a hannu, kada a ɗaura ta a jikin kowa ko a itace, domin igiyar da aka ɗaure nutsar da mutum take yi a gudun ruwa. Wuƙar jagora don irin wannan rana ce. Wajen shigo da shi jirgi, ba hannunsa ake ja ba. Kafaɗun rigarsa ake kamawa, mai ceto ya faɗa da baya, nauyinsa ya jawo shi ciki. In jirgin ne ya kife baki ɗaya, jagora yana hawa bayansa, ya fara ƙirga kawuna, sa'an nan ya maƙala igiya a gefe ɗaya ya jingina da baya ya birkice shi.

Duba gangare daga gaɓa

Duk gangaren da ba a ganin ƙarshensa daga jirgi, ana tsayawa a makwancin da ke samansa a fita a duba shi da ƙafa. Daga ƙasa ake fara karatun: a zaɓi inda ake so a fita, a bi hanya da ido a dawo sama har inda za a shiga. Sa'an nan a durƙusa daidai ruwa a zaɓi alamu, kamar wani dutse mai tsini ko raƙumi na fari, domin abin da ya fito sarai daga kan tudu ɓacewa yake yi in an zauna a jirgi. A tambayi kai kuma, in mutum ya faɗa a nan, ina ruwa zai kai shi? In amsar rariya ce ko kogo, an gama magana. In za a shiga, a aje mai jakar igiya a ƙasa tukuna, jirage su bi ɗaya bayan ɗaya.

In ba za a shiga ba, sai a ɗauki jirgi a ka a zagaye ta tudu, ko a sake shi da igiya ba kowa a ciki. A kwazazzabon Batoka an ba wuraren gangare lamba bi da bi daga gindin matsirga. Da an iso na tara, jagorori sukan tsaya a gaɓa, baƙi su sauka su taka duwatsu da filafilansu a hannu, a sake shiga jirgi daga ƙasa a nufi na goma.